Wani ya ce zai sayi 'yar manhajata ta kallon talabijin, ku ba ni shawara

Autan Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin manya. Wasunku sun san 'yar manhajar nan da nake ta fama da ita da daddare, ta kallon tashoshin talabijin ta intanet a kwamfuta. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ce. Ka ba ta jerin tashoshi na M3U, ta jero maka sunayensu a gefe, ka danna ɗaya ta kama. Da Python na rubuta ta, injin da ke fitar da hoto da sauti kuwa na mpv ne, ni gangar jiki kawai na yi masa. Kod ɗin, wato rubutun da aka gina ta da shi, yana buɗe a shafin GitHub inda ake ajiye kod, da lasisin GPL da ke ba kowa damar kwafa da gyarawa.

To wani bawan Allah ya biyo ni ta bayan fage, ya ce ya ga mutane sun fara amfani da ita, yana so ya saya gaba ɗaya, har da sunan da shafin da ake saukewa. Sharuɗɗansa: a rufe kod ɗin, a sa talla, sannan ta riƙa zuwa da tashoshin ƙwallo a ciki tun daga saukewa. Ba zan faɗi kuɗin ba, amma sun isa su raba ni da wannan laftop ɗin da sai na tokare allonta da ƙamus kafin ta tsaya. Me kuka gani?

Mai Gidan Kallo:
Wa alaikumus salam. Auta, karɓi kuɗinka ka yi gaba. Gaskiya ɗaya ce, ni na sauke abin nan naka saboda yabon da ake ta yi masa a nan, na buɗe na tarar da shi wayam, ko tasha ɗaya babu. Na ce to wannan wane irin talabijin ne? Mutumin nan ya san abin da jama'a ke so. Ba wanda zai ƙona datarsa don ya kalli zaman majalisar wata ƙasa da bai san inda take ba. Firimiya ake nema da Gasar Zakarun Turai. Ni nan duk wata sai na biya kuɗin dikoda, ga man janareto, ga haya, rabin yaran unguwa kuma a waya suke kallo kyauta. In kai ba ka sa ba wani zai sa.

Maman Ilham:
Ƙanena, ni ban san kod ba, ban san GPL ba. Abin da na sani shi ne ita kaɗai ce nake iya kunna wa yara tashar Makka kai tsaye in shiga kicin hankalina kwance. Wadda nake da ita a da, ana tsakar karatu sai tallan caca ya faɗo ya rufe allo, wani lokacin ma abin da ya fi caca muni. In ka sayar aka zuba mata talla, don Allah ka sanar a nan tun da wuri in cire ta.

Baba Mai Linux:
Auta, kafin a yi maganar ka sayar ko kada ka sayar, tambayi kanka: me mutumin nan zai saya? Kod dai yana GitHub, yau ɗin nan zai iya kwafe shi bai ba ka ko sisi ba, GPL ta yarje masa, har ya sayar ma in ya ga dama, muddin zai bar kod ɗin a buɗe ga wanda ya ba wa. To me ya sa zai fitar da kuɗi? Sunan yake so, da shafin, da ƙofar nan da sabuntawa ke bi ta shiga kwamfutocin mutane. Wato Maman Ilham yake saye, da duk wanda ya yarda da kai ya ɗora abin a na'urarsa. Ranar da ya tura sabuntawa ta farko, ba wanda zai san hannu ya canja.

Ba sabon abu ba ne. Akwai wasu 'yan manhajojin Android da ake kira Simple Mobile Tools, na hotuna da kalanda da lambobin waya da sauransu. Wani mutumin Sulobakiya, Tibor Kaputa, shi ya yi shekaru yana rainonsu, ba talla ba bibiya, mutane miliyoyi suka ɗora. A ƙarshen 2023 ya sayar wa wani kamfani, ba a jima ba talla da biyan kuɗi suka shigo. Abin da ya ceci jama'a shi ne kod ɗin a buɗe yake, wasu suka ɗauka suka ci gaba da sunan Fossify. Amma wanda bai bin labaran fasaha fa? Shi dai ya wayi gari ya ga manhajar hotunansa ta koma wani abu daban.

Sannan dubi VLC, abin kunna bidiyon nan da kowannenku ke da shi. Aikin ɗalibai ne a makarantar École Centrale ta Faris, tun 1996, na watsa bidiyo a kan layin sadarwar makarantarsu. A 2001 aka sake shi da GPL, a 2009 aka kafa ƙungiyar VideoLAN wadda ba ta neman riba. Shugabanta Jean-Baptiste Kempf ya sha faɗa cewa an yi masa tayin miliyoyin yuro don a sa talla ko a cusa wasu tarkace a ciki, ya ƙi. A Janairun 2025 suka sanar da cewa an sauke VLC sau biliyan 6. Da ya karɓa, yau da wani suna muke kira.

Anti Injiniya:
Baba, da girmamawa, labarin VLC ɗin nan rabi ake faɗa wa yara. Kempf bai ƙi kuɗi ya koma cin iska ba. Yana da kamfani, Videolabs, da ke yi wa manyan kamfanoni aiki a kan fasahar VLC ana biyansa. Kuma a Faransa yake, inda ko ba ka da aiki akwai abin da hukuma za ta tallafa maka da shi. Auta fa? Data daga aljihunsa, cajin laftop a shagon maƙwabci. Ba daidai ba ne mu zauna muna ce masa ya yi haƙuri don Allah alhali ba wanda ya taɓa tura masa ko na kati a cikinmu. Har da ni.

Ni ma ba na goyon bayan wannan cinikin, amma dalilina daban. Ba zai yiwu ba ma yadda mutumin ke so. Duk abin da ka riga ka saki da GPL ya saku, ba a janye shi. Kana iya canja lasisin abin da kai ka rubuta nan gaba, amma akwai gyaran da na tura maka na lambobin tashoshi, akwai fassarar Faransanci ta Na Maraɗi, waɗannan ba naka ba ne kai kaɗai, sai mun yarda. Ga kuma mpv ɗin da kake haɗawa a cikin fayil ɗin saukewa: yadda aka saba gina shi GPL ne. Ana iya gina shi da LGPL, lasisi mai sassauci da ke barin a haɗa shi da kod rufaffe, amma aiki ne na daban, kuma ina shakkar mai sayen nan ya taɓa jin labari. Ka sa hannu a takarda cewa ka sayar masa da abin da ba ka mallaka ba, gobe rigimar a kanka za ta faɗo.

Na Maraɗi:
Ina wuninku. Ni dai ban yarda a rufe fassarata ba, a rubuta wannan. Don 'yan'uwa da ke nan wajenmu na yi ta, masu na'ura da Faransanci, su samu su kalli tele ba tare da an wahalar da su ba.

Mai Gidan Kallo:
Kun bar maganar ƙwallo kun koma lasisi. To a bar kod a buɗe, a bar talla. Me zai hana ya sa tashoshin kawai? Ai ba shi ya sato su ba, a intanet suke zube.

Baba Mai Linux:
Alhaji, nan ne ma wutar take. Manhajar da ke kunna duk abin da aka ba ta ba ta da laifi. Maƙerin da ya ƙera makulli ba ruwansa, amma wanda ya tsaya bakin kasuwa yana cewa "zo ka sayi wannan, shagon wane yake buɗewa", ai shi ma ɓarawo ne. Haka kotun Tarayyar Turai ta gani a Afrilun 2017, a shari'ar da ake kira Filmspeler. Wani mutumin Holan ne yake sayar da 'yan akwatunan talabijin, ya ɗora musu manhajar da yanzu ake kira Kodi, ya ƙara mata hanyoyin shiga finafinai da wasannin da ba a biya ba, yana talla da hakan. Ya ce shi akwati kawai yake sayarwa. Kotu ta ce a'a, tunda kai ka shirya hanyar da saninka don riba, kai ma ka watsa.

Su kansu masu Kodi ba su ji da daɗi ba. Manhaja ce da ta faro tun zamanin Xbox na farko, ana kiranta XBMC, sai 2014 ta koma Kodi, 'yan sa-kai ne ke yin ta, ba ta zuwa da tasha ko fim ko ɗaya. Amma masu sayar da akwatuna suka ɓata mata suna har Amazon ta cire ta daga shagon manhajojinta a 2015. Su da ba su sa komai ba ke nan. Ina ga wanda ya sa da hannunsa, kuma sunansa na gaskiya ke kan GitHub?

Ustazun Zaure:
Ni gefen da ya shafe ni zan taɓa. Tashar da masu ita suka kulle suka ce sai an biya, wani ya fasa ya raba, a kira shi duk sunan da za a kira, haƙƙin wani ne. Wanda ya kalla a ɗakinsa tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma a ce yaro ya gina sana'a a kai yana cin kuɗin talla, ina ba shi shawara ya nisanta. Wallahu a'alam.

Mai Gidan Kallo:
Allah gafarta Malam, ka ga kuɗin da suke karɓa kuwa? Sai an yi wata ana tara kuɗin kujera kafin a haɗa.

Ustazun Zaure:
Na gani Alhaji, kuma da ciwo. Tsada ba ta halatta ɗauka ba ne kawai.

Autan Zaure:
Alhaji, bari in ƙara maka wani abu ta fuskar aiki, ko da an ajiye shari'a da hukunci. Jerin M3U ba komai ba ne illa fayil na rubutu. Layin farko #EXTM3U, sai kowace tasha ta samu layi biyu: ɗaya mai farawa da #EXTINF mai ɗauke da suna da rukuni da tambari, na biyu adireshin da hoton ke fitowa. Manhajata ba ta riƙe da hoto ko ɗaya, adireshi take bi. Tashoshin da ake biya a kulle suke da irin su Widevine, mpv ba ya buɗe su. Waɗanda kake gani "kyauta" wani ne ya kama daga dikodarsa yake sake watsawa daga wata saba, ana gano ta a rufe. Shi ya sa suke mutuwa ana tsakar wasa. In na sa su a ciki, ni za a riƙa zagi duk daren Talata da Laraba, kuma ba abin da zan iya gyarawa.

Sannan a gidan kallo ma ba za ta yi maka ba. Yawancin tashoshin nan da tsarin HLS suke tafiya, wanda Apple ta fito da shi a 2009. Ana yanka hoton gunduwa-gunduwa, kowace kamar daƙiƙa 6, manhaja kuma takan fara daga gunduwa uku baya don kada ta riƙa tsayawa. Ka ga daƙiƙa 18 ke nan tun ba a lissafa jinkirin mai satar ba. Maƙwabcinka mai dish zai yi ihun an ci, 'yan kallonka suna ganin ƙwallo a tsakiyar fili. Ranar kujeru za su tashi sama.

Mai Gidan Kallo:
Hahaha, wannan kam ya taɓa faruwa a wani gidan kallo a layinmu, sai da aka mayar wa mutane kuɗinsu. To na ji. Amma batun buɗe abu a tarar da shi wayam ɗin nan, a gyara. Ba kowa ya san inda zai samo M3U ba.

Anti Injiniya:
Nan kam Alhaji ya fi mu gaskiya. Dubi yadda masu tsarin kwamfuta na Linux Mint suka yi da Hypnotix, manhajarsu ta kallon tashoshi, wadda suka fito da ita a Mint 20.1 farkon 2021. Ita ma Python ce da mpv, kamar taka. Ba su bar ta wayam ba, sun haɗa ta da jerin Free-TV, wanda tashoshin da masu su suka saki kyauta kawai yake tarawa. Wanda yake da nasa jerin kuma ya ƙara. Akwai kuma iptv-org a GitHub, su ma adireshin tashoshin da ke buɗe ga kowa suke tarawa, ƙasa-ƙasa, har da na Najeriya, kuma in mai tasha ya ce a cire tasa suna cirewa. Ka sa maɓalli ɗaya a allon farko da zai jawo irin wannan jerin. Kada ka kwafe shi cikin manhajar, ka bar ta ta riƙa ɗaukowa daga can, don adireshin nan mutuwa suke yi kullum, wasu ne ke aikin sabunta su.

Mai Gyara na Beirut:
Ku ba ni dama in sa baki, ni da nake ganin ƙarshen irin wannan ciniki a kan teburina. Filashin da nake aiki da shi a shago, in ka buɗe, me ke ciki? Rufus na ɗora Windows, 7-Zip, Notepad++, SumatraPDF, VLC. In ka cire VLC, kowanne kusan mutum ɗaya ne ya tsaya a kansa shekara da shekaru. 7-Zip na Igor Pavlov ne tun 1999. Notepad++ na Don Ho ne tun 2003. Rufus na Pete Batard ne. Ban taɓa ganin fuskar ɗayansu ba, amma duk kwamfutar da ta bi ta hannuna sai ta fita da kayansu, don ban taɓa ɗorawa wani ya dawo yana cewa na sa masa ƙwayar cuta ba.

Kwamfutocin da ake kawo mini suna nishi kuwa, galibi labarin ɗaya ne. Mutum ya nemi manhajar kallon ƙwallo kyauta, ya sauke daga wani shafi mai maɓallan saukewa guda biyar, huɗu na ƙarya. Ka buɗe burauza ka ga shafin farko ya canja, ga wasu ƙari da shi ma bai san da su ba, fanka na gudu kamar za ta tashi sama alhali ba abin da aka buɗe. Wata ma an kawo ta ne bayan an kwashe wa mai ita kalmomin sirri. Auta, in ka sayar, a wannan layin sunanka zai shiga, ni kuma in fara goge ta daga na'urorin mutane.

Autan Zaure:
Yaya Mai Gyara, abin haushin shi ne ko yanzu ma Windows kallon ɓarawo yake mini. Duk wanda ya sauke sai allon shuɗin nan ya fito yana gargaɗi cewa ba a san mai manhajar ba. Wasu manhajojin kariya ma kama ta suke yi, saboda da PyInstaller nake naɗe ta, masu ƙwayoyin cuta kuma suna yawan amfani da shi, sai aka haɗa mu aka yi mana kuɗin goro. Maganin shi ne takardar sa hannu ta dijital, ita kuma ɗaruruwan daloli ce a shekara. Na Mac ma ban fara ba, Apple dala 99 take karɓa duk shekara. Wannan ne ya sa tayin ya tsaya mini a rai, ba laftop kaɗai ba.

Anti Injiniya:
Kun ji ko? Wannan nake faɗa. Kuma ba kuɗi kaɗai ba, gajiya. Rubuta manhajar kallo a kan mpv aikin 'yan makonni ne, wahalar tana cikin shekarun da ke biyo baya: wannan ya ce ba ta buɗewa, wancan ya ce a sa masa jadawalin shirye-shirye na XMLTV, wani ya zage ka don tashar da ba taka ba ta mutu. MPC-HC, abin kunna bidiyon nan da muka taso da shi, a 2017 masu shi suka ce sun rufe don ba masu taya su, sai da wani mai laƙabin clsid2 ya ɗauka ya ci gaba. Na xz ya fi ban tsoro. 'Yar manhajar matse fayil ce da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, mutum ɗaya, Lasse Collin, ke riƙe da ita a lokacin hutunsa ba ko sisi. Ya gaji, ana ta matsa masa cewa ba ya sauri, sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya zo yana taimako, ya yi kusan shekara biyu yana aikin kirki har aka ba shi dama, sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutsawa cikin kwamfutocin mutane. A Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano, don kawai ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wanda ya zo da kuɗi da wanda ya zo da "bari in taya ka" duk gajiyayye suke nema. In muna so Auta ya ƙi irin wannan tayin, to mu rage masa kaya.

Baba Mai Linux:
'Yata, na karɓi gyara a kan Videolabs, haka ne. Amma ki lura abin da Kempf ya sayar: aikinsa da iliminsa, bai sayar da masu amfani da VLC ba. Wannan ƙofar a buɗe take ga Auta. Otal, asibiti, makaranta, gidan talabijin da ke son manhajar da ke buɗe tasharsu kai tsaye da tambarinsu, duk aiki ne da za a biya shi, kod kuma ya zauna a buɗe. Shi ma mai tayin, in da gaske manhaja yake so, ka ce masa za ka gina masa tasa da wani suna, ya kawo tashoshin da yake da izininsu. Amsar da zai bayar za ta nuna maka abin da ya zo saye.

Ɗan Electron:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa ka wahalar da kanka da Python? Da Electron ka yi, kamar manhajar kallon tashoshi ta IPTVnator, da ka samu Windows da Mac da Linux a bugu ɗaya, ga kyan gani.

Mai Gyara na Beirut:
Kai ɗan'uwa, zo shago ka ga irin na'urorin da mutane ke riƙe da su. Tsofaffin HP da Dell 'yan gwanjo, RAM gig 4, wasu ma 2. Electron fa burauzar Chromium ce sukutum ake naɗo maka da kowace manhaja. Ka buɗe ta ka buɗe Word, shi ke nan na'ura ta durƙusa. Ga girman saukewa, ya haura megabait 100 kafin ka ga tasha ɗaya. Kuma sun daina tallafa wa Windows 7 tun 2023.

Ɗan Electron:
Windows 7 a wannan zamanin? Ai 10 ma Microsoft ta sallame shi a Oktoban 2025.

Mai Gyara na Beirut:
Microsoft ta sallama, masu shagon buga takardu ba su sallama ba. Firintarsu da shi take aiki.

Na Maraɗi:
Ni abin da ya sa na riƙe ta Auta, data ce. A nan in kuran, wato wutar lantarki, ya tafi sai waya, a jona na'ura da ita. Sauran manhajoji da kansu suke zaɓar hoto mafi nauyi, kafin labarai su ƙare kuɗinka sun ƙare. Tasa akwai ɗan maɓallin nan na tsimi.

Autan Zaure:
Wannan ma ba wata dabara ba ce tawa. Yawancin tashoshin HLS suna ba da hoto hawa-hawa a adireshi ɗaya, daga mai nauyi zuwa marar nauyi. mpv in ba ka ce komai ba mafi nauyi yake ɗauka. Akwai zaɓin hls-bitrate, ka sa shi min ya ɗauki na ƙasa. Lissafin a fili yake: hoto mai megabit 3 a daƙiƙa yana cin kusan gig 1.35 a awa, mai kilobit 800 kuma megabait 360. Ga mai kallon labarai ko wa'azi, bambancin fuska kaɗan ne, bambancin aljihu kuwa babba. Wanda ke zaune inda intanet ba ta da iyaka ba zai taɓa tunanin fito da wannan maɓallin gaba ba, a can cikin saituna zai binne shi.

Maman Ilham:
Au, ashe abin da maɓallin nan ke yi ke nan? Ni na zaci na rage haske ne, ban taɓa taɓa shi ba. Datar da na ƙona!

Sarkin Zaure:
To jama'a, magana ta yi tsawo, bari in tattara abin da za a iya yi a aikace, tunda Anti ta jefe mu da gaskiya. Duk mai amfani da manhajar nan da ke da hali, ya same ni ta sirri, za mu buɗe ɗan asusu, in riƙa kawo lissafi nan duk ƙarshen wata kowa ya gani. Ba alkawarin laftop na yi ba. Kuma ina roƙo, masu kai ƙorafi, "ba ta yi" ba bayani ba ne. Faɗi wace Windows, wace tasha, me ya fito a allo.

Anti Injiniya:
Ni zan karɓi duba ƙorafe-ƙorafen GitHub, in tace masa na gaske. Amma Auta, kada ka ba ni ikon tura sabuntawa, kada ka ba kowa, ko Baba ne. Duk gyara ya bi ta idonka. Kuma ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu a asusunka yau, tunda yanzu an san akwai mai sha'awar shafin.

Mai Gidan Kallo:
Ni ba na amfani da ita, amma a sa ni a asusun. Yaron ya hana ni asarar kujeru.

Autan Zaure:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa mutumin abin da Baba ya ce: zan gina masa tasa da wani suna in ya kawo tashoshin da yake da izini, kod a buɗe, wannan kuma ba ta sayarwa ba ce. Ya karanta, alamar ta nuna, bai ce komai ba tukuna. Maɓallin jawo jerin tashoshin kyauta zan fara da shi.

Mai Gyara na Beirut:
Madalla. To ga ƙorafi na farko yadda Sarki ya ce a yi. Windows 7, mai bit 32, Dell tsohuwa. Sabuwar da ka saki ba ta buɗewa sam, tana cewa akwai fayil ɗin DLL da ya ɓata, sunansa ya fara da api-ms-win-core-path. Ta watan jiya tana aiki lafiya.

Autan Zaure:
Na gane ta. Python 3.8 ne na ƙarshe da ke tafiya a Windows 7, sabuwar kuwa da wanda ya fi shi aka naɗe ta. Zan fitar da ta daban don tsofaffin na'urori. Kada ka sauke DLL ɗin daga shafukan nan da ke rabawa. Ka bar Dell ɗin a shago zuwa Asabar in mai ita zai yarda, in zo in gwada a kanta.

Mai Gyara na Beirut:
Zai yarda, bai biya kuɗin gyara ba tukuna. Ka zo bayan La'asar, da safe ba wuta a layinmu.